Yadda Malamin Daji Yake Kula da Dajin Fadamar Gambut a Kalimantan, Mataki-Mataki

Wanda ya koyi aikin daji a busasshiyar ƙasa ya saba da cewa itace ne kan gaba: a ƙirga shi, a dasa shi, a tsare shi daga gatari da awaki da gobarar rani. Idan aka ɗauke shi aka ajiye a dazuzzukan fadama na tsibirin Borniyo, musamman a lardin Kalimantan ta Tsakiya na ƙasar Indonesiya, dole ya sake jeren aikinsa tun daga tushe, domin a can ruwa ne kan gaba, itace yana biye. Ƙasar da dajin yake tsaye a kai ba yashi ba ce, ba kuma laka ba ce. Ganyaye ne da saiwoyi da gumagumai waɗanda suka faɗa cikin ruwa tun dubban shekaru, ruwan ya hana su iska, suka kasa gama ruɓewa, suka yi ta taruwa wani kan wani har kaurinsu ya wuce mita 10 a wasu wurare. Mutanen ƙasar suna kiran wannan ƙasa gambut, kuma da wannan suna zan kira ta.

Kusan kashi 90 cikin 100 na gambut mai lafiya ruwa ne, kuma abin da yake ƙaruwa a kaurinta a shekara bai fi milimita 1 ko 2 ba. Takan taso ne a tsakanin koguna biyu kamar kifaffiyar ƙwarya, tsakiyarta ta fi gefenta tudu, don haka ruwan sama kaɗai take sha, ba na kogi ba. Ruwan da yake tsatsowa daga cikinta launinsa kamar baƙin shayi, kuma idan aka gwada shi da ma'aunin pH yakan tsaya tsakanin 3 da 4 saboda tsami. Muddin tana jiƙe, tana nan. Ranar da aka haƙa mata magudana aka janye ruwan, iska takan shiga, ruɓewar da ta tsaya shekaru dubbai ta ci gaba, sinadarin kabon ya fice zuwa sama, ƙasar ta fara lotsawa. An auna wannan lotsawa a gonakin kwakwar manja da na itacen takarda a Sumatra, aka same ta kimanin santimita 5 kowace shekara, wato abin da daji ya tara a shekara 25 zuwa 50 yana salwanta a shekara guda.

Kalimantan ta Tsakiya ta ɗanɗana wannan da kanta. A 1995 gwamnatin Shugaba Suharto ta ƙaddamar da shirin mayar da fadama mai faɗin hekta miliyan 1 gonakin shinkafa, aka haƙa magudanai da tsawonsu ya haura kilomita 4,000. Shinkafar ba ta yi ba, aka watsar da shirin a 1999, amma magudanan suka ci gaba da zuƙe ruwa dare da rana. Da farin 1997 ya zo, gambut ɗin kanta ta kama da wuta. Binciken da Susan Page da abokan aikinta suka wallafa a 2002 ya ƙiyasta cewa gobarar Indonesiya ta 1997 ta saki kabon tan biliyan 0.81 zuwa 2.57. A 2015 wuta ta sake cin kimanin hekta miliyan 2.6 a faɗin Indonesiya, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar a kan dala biliyan 16.1, sararin samaniyar birnin Palangka Raya ya koma ruwan ɗorawa saboda hayaƙi, aka rufe makarantu. Wannan ne ya sa Shugaba Joko Widodo ya kafa hukumar farfaɗo da gambut, wato BRG, a watan Janairu na 2016, aka ɗora mata gyaran kimanin hekta miliyan 2 a larduna bakwai. Matakan da ke tafe su ne jeren aikin malamin dajin da aka danƙa wa yanki a irin wannan wuri.

Mataki na farko: ka san ƙwaryar gaba ɗayanta

Kada ka ɗauki iyakar da aka zana maka a takardar ofis a matsayin iyakar aikinka. Ruwan gambut bai san shingen gandun daji ba. Idan wani ya haƙa magudana a ƙasan gangare, ko da a wajen yankinka ne, ruwan da ke ƙarƙashin dajinka zai bi ta. Saboda haka ka fara da taswirar dukkan ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu, misali tsakanin Kahayan da Sebangau, ko tsakanin Sebangau da Katingan. Dokar Indonesiya ma da wannan ma'auni take aiki, kuma ta ce a keɓe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kowane irin wannan yanki, a kewayen ƙololuwar tudun, domin kariya, haka kuma duk inda kaurin gambut ya kai mita 3 ko ya fi.

Hoton tauraron ɗan Adam zai nuna maka manyan magudanai da tabon tsohuwar gobara, amma ba zai nuna maka ƙananan da masu satar katako suka haƙa da hannu a ƙarƙashin inuwar daji ba, waɗanda faɗinsu bai wuce mita 1 ko 2 ba, aka yi su domin a turo gumagumai zuwa kogi. Dajin Sebangau, wanda aka mayar gandun ƙasa a 2004 mai faɗin kimanin hekta 568,700, cike yake da irinsu. Waɗannan sai ka shiga kwalekwale da masunta 'yan ƙauye sun nuna maka bakin kowace, ka bi ta da na'urar GPS, ka rubuta faɗinta da zurfinta da inda ruwanta ya nufa.

Daga nan sai awon kauri. Ana amfani da wani ƙarfen zaƙulo ƙasa mai baki kamar rabin bututu, wanda yake ɗauko samfurin santimita 50 a kowane nutsawa, ana ƙara masa sanduna har ya taɓa ƙasar asali da ke ƙarƙashin gambut. Ka ja layi daga bakin kogi zuwa tsakiyar tudu, ka riƙa haƙawa a tazara ɗaya. Sau da yawa ƙarfen zai ci karo da gungumen da aka binne tun kafin kakanni, sai ka matsa taku biyu ka sake, kada ka rubuta wannan a matsayin ƙarshen gambut. Idan ka kai ƙasa, ka duba abin da ya fito a bakin ƙarfen da kyau. Farin yashi yana nufin cewa idan gambut ta ƙare da ƙyar wani abin kirki zai tsiro a wurin. Laka mai toka-toka kuwa a kusa da gaɓar teku tana iya ɗauke da sinadarin firit, wanda idan iska ta taɓa shi yakan fitar da ruwan tsami mai ƙona shuka da kashe kifi. Wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba zai bari a nutsa haƙa a irin wannan wuri ba.

Mataki na biyu: ka kafa ma'aunin ruwa

Kayan wannan aiki ba su da tsada. Ka samo bututun roba irin na famfo, tsawon mita 2 ko fiye, ka huhhuda jikinsa, ka naɗe shi da ƙyalle ko raga domin kada tarkace ya toshe hujin, ka nutsa shi a ƙasa ka bar ɗan kai a waje, ka yi masa murfi da lamba. Ka jera irinsu a layi daga bakin magudana zuwa cikin daji, ɗaya a mita 10, wani a 50, wani a 100, wani a 500, domin ka ga iya nisan da magudanar take jan ruwa. Idan za ka karanta, ka zura siririn tiyo mai alamar awo kana busawa a hankali, da zarar ka ji ƙarar kumfa ka san ka taɓa ruwa. Sai ka cire tsawon kan bututun da ke waje, abin da ya rage shi ne zurfin ruwa daga fuskar ƙasa.

Lambar da za ka riƙe a ka ita ce santimita 40. Dokar gwamnati mai lamba 57 ta 2016 ta ƙayyade cewa gambut da ake amfani da ita ta lalace idan ruwanta ya nutse fiye da mita 0.4 daga sama. A ganina malamin daji ya ɗauki wannan a matsayin bakin rami, ba wurin zama ba, domin a daji mai lafiya ruwa yakan kwanta a kan ƙasa ko dab da ita a yawancin shekara, kana tafiya kana tsallakawa daga tudun saiwa zuwa tudun saiwa, ƙafarka tana nutsewa har gwiwa a tsakani. Ka karanta bututun aƙalla sau biyu a wata, kuma kowane mako idan rani ya shiga, wanda a wannan lardi yakan kama daga wajen Yuni ko Yuli zuwa Oktoba.

A gefen wasu bututun ka kafa sandar ƙarfe wadda ta ratsa gambut har ta kafu a ƙasar asali, ka yi mata zobe da fenti daidai fuskar ƙasa. Bayan shekara ka dawo. Tazarar da ka gani tsakanin zoben da ƙasa ita ce lotsawar wurin, kuma babu wata hujja da take gamsar da shugaban ƙauye ko manajan gona kamar ya ga zoben nan yana rataye a sama da idonsa.

Mataki na uku: ka zauna da masu wurin kafin ka taɓa ko da magudana ɗaya

Ga malamin daji magudana rauni ce a jikin fadama, amma ga mutumin ƙauye hanya ce. Ta nan yake shiga da kwalekwale ya kama kifi, ya yanko igiyar rotan, ya tatso ƙaron itacen jelutung. A ƙauyukan ƙabilar Dayak Ngaju da yawa ƙaramar magudana tana da mai ita, wanda ya haƙa ko ya gada, kuma kowa ya san da haka. Idan ka toshe ta da safe ba da saninsa ba, kafin mako ya zagayo za ka tarar an fasa madatsar da zarto, kuɗin gwamnati ya bi ruwa, kai kuma ka sayi gaba da mutanen da ba ka da abokan kashe gobara sai su.

Saboda haka ka fara da shugaban ƙauye da dattawan gargajiya, sannan masu magudanan ɗaya bayan ɗaya, kuma ka tabbata an ji ta bakin mata, domin su ne masu yankan ciyawar purun da saƙa tabarma. Ku zana taswirar tare a kan babbar takarda, su nuna wadda aka daina bi da wadda ake bi kullum. Wadda aka daina bi a toshe ta gaba ɗaya. Wadda ake bi a yi mata madatsa mai ƙofar kwalekwale. A rubuta abin da aka amince a kai, a sa hannu, kuma aikin ginin a ba 'yan ƙauyen a biya su, domin mutum ba ya saurin rushe abin da ya gina da hannunsa. Shugaba Joko Widodo ma da kansa ya nuna nauyin wannan aiki a watan Nuwamba na 2014, lokacin da ya je ƙauyen Sungai Tohor a lardin Riau ya sa hannu a toshe magudana tare da mutanen garin.

Mataki na huɗu: toshe magudanai

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutanen Kalimantan suna kiran madatsar tabat. Kuskuren farko shi ne a gina babbar madatsa guda ɗaya a bakin kogi a ce an gama. Gambut ba ta da ƙarfin riƙe matsin ruwa mai yawa, idan ruwan da ke sama da madatsa ya fi na ƙasanta tsawo sosai, sai ya ɓulla ta ƙarƙashi ko ya zagaye ta gefe ya yanka sabuwar hanya, madatsar ta tsaya a tsakiya ba ta tare komai. Abin da yake aiki shi ne jerin ƙananan madatsai kamar matakalar bene, kowace tana ɗaga ruwa kaɗan, ƙasa da rabin mita.

Lissafin tazara daga gangaren ƙasa yake fitowa. A ce awonka ya nuna magudana tana gangarawa mita 1 a cikin kilomita 2, kai kuma kana so bambancin ruwa a kowace madatsa kada ya wuce santimita 25, to kana bukatar madatsa 4, ɗaya a kowace mita 500. A gefen tudu, inda gangare ya fi tsanani, za su matso kusa da juna, a tsakiya kuwa inda ƙasa ta kwanta za su yi nisa. Ka yi ginin da rani lokacin da ruwa ya ja, ka fara daga sama kana gangarowa, domin kowace madatsa da ka gama tana rage ƙarfin ruwan da zai same ka a ta gaba.

Ga yadda ake ƙaramar tabat. A sami sandunan itacen gelam, wanda yake jure zama cikin ruwan tsami, a feƙe bakinsu, a kafa su layi biyu a gicciye da magudanar, da tazara a tsakani kamar akwati. Dole a buga su su nutse sosai, inda gambut ba ta da kauri har su kafu a ƙasar asali, kuma dole layin ya shige cikin gaɓar magudanar hagu da dama kamar fikafikai, domin ta gefe ne ruwa ya fi satar hanya. A ɗaure sandunan da na kwance, a shimfiɗa tamfol ko ƙyallen tace ƙasa a cikin akwatin, a cika shi da buhunan ƙasa ana tattakewa sahu-sahu. A tsakiya a bar mafitar rarar ruwa wadda ta ɗan yi ƙasa da sauran saman madatsar, a shimfiɗa mata katako mai santsi yadda za a iya jan kwalekwale a kai. Kada mafitar ta yi zurfin da zai mayar da ruwa ƙasa da santimita 40 ɗin nan, in ba haka ba an kashe maciji ba a sare kansa ba. A ƙasan mafitar a jera sanduna ko buhuna, domin ruwan da yake zubowa kada ya ƙwaƙule gindin ginin.

Manyan magudanai irin na tsohon shirin shinkafa, waɗanda faɗin wasu ya kai mita goma-goma, sun fi ƙarfin hannu. A nan motar haƙa ce take tara gambut tana dannewa har ta yi madatsa mai faɗi, ko kuma a cike wani sashe na magudanar gaba ɗaya. A ɗebo ƙasar cikon daga ramuka a warwatse, kada a haƙa dogon rami a gefe, domin wannan sabuwar magudana ce aka yi.

Madatsar katako ba ta dawwama, 'yan shekaru take yi ta ruɓe, don haka tun ranar da aka gama ta ka fara shirin abin da zai gaje ta. Ka dasa itatuwa masu son ruwa a kanta da gefenta, ka bar ciyawa da ganye da rassa su taru a ruwan da ya tsaya. Burinka shi ne kafin katakon ya mutu, saiwoyi da tarkace sun riga sun shaƙe magudanar da kansu.

Mataki na biyar: wuta

Wutar gambut wutar ƙaiƙayi ce. Ba ta da harshe mai tsawo, ƙasa-ƙasa take ci, tana iya yin makonni tana tafiya a ƙarƙashi, ta ɓullo a wani wuri bayan an ɗauka ta mutu. Tana cinye saiwoyi, sai ka ga itace mai ɗanyen ganye ya kife ba iska ba gatari, kuma wurin da yake kama da ƙasa mai ƙarfi yana iya zama ramin toka mai zafi wanda ƙafa za ta burma ciki. Ka hana mutanenka shiga ba takalmin ƙwarai da abin rufe hanci, kuma kowa ya riƙe sanda yana dungura gabansa kafin ya taka. Akwai wata matsala kuma: gambut da ta bushe ƙarau takan ƙi shan ruwa, ka zuba ya gangare ta kai kamar an zuba a kan ganyen gwaza.

Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin rani ka haƙa rijiyoyin burtsatse a wuraren da suka saba kamawa, wato gefen hanya, gefen magudana da tsohon tabon gobara, ka sa musu alama mai tsawo, ka rubuta wurinsu a taswira. Ka gwada injinan ban ruwa da tiyo, ka tanadi mai. Ka haɗa kai da ƙungiyoyin sa-kai na ƙauyuka da ake kira Masyarakat Peduli Api, da kuma rundunar kashe gobarar daji ta gwamnati, Manggala Agni. Bututunka na awo su ne masu gargaɗi: da zarar ruwa ya fara wuce santimita 40 ka mayar da sintiri kullum, musamman a shekarun da aka yi hasashen El Nino, wato sauyin yanayin tekun Pasifik mai kawo fari a nan, kamar yadda aka gani a 1997 da 2015.

Kusan kowace wuta a nan hannun mutum ne ya kunna ta, ko mai sharar gona, ko masunci mai buɗe hanya, ko mai neman mallakar fili. Bayanan tauraron ɗan Adam suna nuna wuraren zafi kullum, amma sai an je an gani da ido. Idan ka same ta tana ƙarama, ka kewaye ta, ka soka bakin tiyo cikin ƙasa ka cusa ruwa, kana cakuɗawa har wurin ya koma taɓo, sannan ka sa bayan hannu ka ji ko da sauran ɗumi. Ka dawo gobe, ka dawo jibi. Idan tilas ta sa ka haƙa rami domin yanke mata hanya, ka cike shi bayan an gama.

Mataki na shida: sai yanzu maganar dashe

Na jinkirta wannan da gangan, domin dasa itace a gambut da ba a mayar wa ruwa ba shuka dusa ne, rani ɗaya zai cinye aikin shekara biyar. Kuma ba ko'ina ne yake bukatar dashe ba. Inda aka sari daji amma bai ƙone ba, akwai iyayen itatuwa a tsaye, tsuntsaye da jemagu da birai irin su orangutan suna yaɗa iri, to ka tsare ruwa, ka tsare wuta, ka bar dajin ya yi aikinsa. Kuɗin dashe ka kai shi inda wuta ta ci sau biyu ko uku, iri ya ƙare a ƙasa, ba abin da ya rage sai ciyawa da wata shuka mai yaɗo da ake kira kelakai, wadda mutanen wurin suke miya da ɗanyen ganyenta amma take shaƙe duk ƙaramin itacen da ta samu.

Ka zaɓi itatuwan fadamar kansu. A fili mai rana tsaka ka fara da masu jure wahala, irin su balangeran da tumih da geronggang. Jelutung yana da kyau kusa da ƙauye saboda ƙaronsa abin sayarwa ne, da shi ake yin cingam. Ramin kuwa, wanda farin katakonsa ya sa aka kusa ƙarar da shi har aka sa shi a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu a 2004, yana son inuwa yana ƙarami kuma ba ya saurin girma, don haka sai na farko sun yi rumfa za ka shigo da shi. Kada ka kawo akeshiya ko kwakwar manja da sunan gyara, domin ba sa rayuwa sai an janye musu ruwa.

Gidan renon dashe ka kafa shi kusa da wurin aiki, a kan dakali yadda ambaliya ba za ta kai ba, da rumfar raga. Yawancin waɗannan itatuwa ba kowace shekara suke 'ya'ya ba, kuma irinsu ba ya ajiyuwa, saboda haka ka sa masu sintiri su riƙa kawo labarin itacen da ya yi fure, ka shuka irin da zarar an tsinto. Idan iri ya yi wuya, a tono ƙananan da suka tsiro da kansu a ƙarƙashin iyaye, a rage musu ganye, a sa su a leda mai cike da gambut, a lulluɓe su da farar leda har su farfaɗo, amma kada a kwashe na wuri ɗaya kaf. Makonni kaɗan kafin fitarwa ka riƙa janye inuwa sannu a hankali domin su saba da rana.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da ƙasa take jiƙe amma ambaliya ba ta kai ƙololuwa ba. Bayananka na bututu za su nuna maka iya inda ruwa yake kaiwa da damina, kuma dole kan dashen ya fi wannan tsawo, in ba haka ba sai ka tara masa tudu ka dasa a kai. Tazarar mita 3 da 3 tana cin dashe kimanin 1,100 a hekta, ta mita 5 da 5 tana cin 400. Ka kafa sanda mai jan ƙyalle a gindin kowane, domin bayan wata uku kelakai za ta rufe shi ba za ka gan shi ba. Sharar gindin nan, sau biyu ko uku a shekara har itacen ya fi ciyawa tsawo, ita ce take raba dashen da ya rayu da wanda ya tsaya a rahoto, don haka ka sa kuɗinta a kasafi tun farko.

Mataki na bakwai: abin da za a ci daga dajin

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da aka hana sara da ƙona gona, ba a nuna masa wata hanyar abinci ba, zai koma wa ashana. Aikinka shi ne ka ƙarfafa sana'o'in da suke son ƙasa a jiƙe. Akwai beje, wato ramin kifi na gargajiya wanda kifi yake shiga da ambaliya ya maƙale idan ruwa ya ja. Akwai purun na tabarma da kwando, da rotan, da ƙaron jelutung, da zuma. A tsibiran Meranti na Riau itacen sago, wanda ake fitar da gari daga cikin gangar jikinsa, yana ciyar da garuruwa ba tare da an busar da fadama ba. Ka taimaka musu da neman kasuwa, domin tabarmar da ba ta da mai saye ba ta hana kowa sara.

Maganar katako kuwa a yi ta da taka-tsantsan. Tun 2011 Indonesiya ta dakatar da ba da sabon izini a dazuzzukan asali da ƙasar gambut, kuma a 2019 ta mayar da dakatarwar ta dindindin. Inda tsohon izini yake aiki a dajin da aka ware domin katako, ka ƙirga itatuwa kafin sara, ka sa wa iyayen iri fenti a bar su, ka ƙayyade kaurin da ba a sara ƙasa da shi, ka karkata faɗuwar itace yadda ba zai murƙushe na baya ba. Fitar da gungume kuma a yi ta a tsohuwar hanyar kuda-kuda, inda maza suke jan sa a kan shimfiɗaɗɗun sanduna zuwa ƙaramin layin dogo, duk da cewa ita ma tana cin ƙananan itatuwa da yawa wajen shimfiɗa, don haka a taƙaita tsawonta. Abin da ba za ka taɓa sa wa hannu ba shi ne haƙa magudana domin turo katako.

Mataki na takwas: littafin aiki

Ka keɓe filayen awo na dindindin, ka buga wa kowane itace lambar ƙarfe, ka auna kaurinsa a tsawon mita 1.3 daga ƙasa, ko sama da inda saiwoyin tallafi suka ƙare, ka maimaita a wata ɗaya kowace shekara. Ka haɗa wannan da karatun bututu, da tazarar zoben sanda, da adadin dashen da ya rayu, da ranar da wurin kowace wuta. Amfanin wannan littafi ya wuce yankinka, domin a 2017 masana suka bayyana cewa tsakiyar kwarin Kwango yana da gambut mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, ɗauke da kabon kimanin tan biliyan 30, kuma a watan Maris na 2018 ƙasashen Kwango biyu da Indonesiya suka sa hannu a yarjejeniyar Brazzaville domin kare ta da musayar ilimi. Galibin fadamar Kwango ba a haƙa mata magudanai ba tukuna, kuma irin waɗannan alkaluma ne suke nuna abin da haƙawar take jawowa.

Idan damina ta ɗauke, ka ɗauki littafin da guduma da buhuna ka bi madatsai ɗaya bayan ɗaya. Ka duba gefen kowace ko ruwa ya fara sata, ka duba gindinta ko ya ƙwaƙule, ka canja sandar da ta ruɓe, ka rubuta bambancin tsawon ruwan da ke sama da madatsar da na ƙasanta. Wadda ka samu a fashe, ka je wurin mai magudanar ka ji dalili kafin ka gyara, domin sau da yawa ƙofar kwalekwalen ce ta yi masa ƙanƙanta, kuma faɗaɗa ta aikin yini ɗaya ne.